Yawon arba'in cikin hunturu: motar gida, bas ɗin kamfani, ko motar tasha?

Ƙarshen Disamba da farkon Janairu ne gidaje da yawa a Maradi ke ɗaura niyyar zuwa ganin dangi. Yara sun samu hutun makaranta, an gama aikin gona an kai amfani rumbu, bukukuwan aure sun yi yawa, zafin bazara mai hana zama cikin mota kuma bai iso ba. Idan a gidan akwai jaririn da kakanninsa na Yamai ko na Damagaram ba su taɓa gani ba sai a hoton WhatsApp, to matsin ya ninka. Kullum waya: "Yaushe za ku kawo mini angon nawa? Ko sai ya tako da ƙafarsa?" Maijego ta gama wanka, ta yi arba'in, al'ada ma ta ba ta damar fita gaida 'yan uwa. Saura a san motar da za a shiga.

Sai dai lokacin da ya fi yi wa manya daɗi shi ne tsakiyar hunturu. A Maradi cikin Janairu sanyin asuba kan sauko ƙasa da digiri 15, da rana kuma ma'auni ya koma wajen 30. Iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara, wata rana hazo ya rufe gari har mutum ya kalli rana bai ƙifta ba. Babba zai shafa mai, ya naɗa rawani ko ya ja mayafi ya rufe hanci, shi ke nan. Jariri kuwa ƙofar hancinsa 'yar ƙarama ce, da ita yake numfashi yayin shan nono, jikinsa kuma bai iya riƙe ɗumi ko fitar da zafi kamar na babba ba.

Hanyoyin da ke gaban mai iyali uku ne: motar gida (tasa, ta aro ko ta shata), babbar bas ta kamfani, sai ƙananan motocin tasha. Ni da tambaya biyu nake auna su kafin in zo kan kuɗi. Idan yaron ya ɓata jikinsa ko ya ƙi yin shiru, wa ke da ikon cewa a tsaya? Idan kuma direba ya taka birki da ƙarfi, me ke riƙe da yaron?

Nisa tukuna

Wanda za shi Tasawa da wanda za shi Yamai ba shawara ɗaya suke bukata ba. Damagaram wajen kilomita 235 ce: Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa, Takyeta, sai birni. Awa 3 zuwa 4, tsayawa ɗaya a Tasawa ta wadatar. Yamai kuwa wajen kilomita 660 ce a kan babbar hanyar ƙasa ta ɗaya: Tibiri, Gidan Rumji, Madawa, Galmi, Malbaza, Tsarnawa inda masu zuwa Tawa ke karkata arewa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, Birnin Gaure, sannan a isa. Direban da ba ya ganganci, mai rage gudu a kowane gari da kowane shinge, zai ci awa 9 zuwa 10 ko da babu yaro a motar. Ku ɗora tsayawar shayarwa da canjin kush da salla, sai ku ga ta kai 11 ko 12. To ku dubi rana. A wannan lokaci ba ta fitowa sai wajen bakwai saura, ta faɗi jim kaɗan bayan shida, hasken yinin duka awa 11 ne da 'yan mintoci. Duk wanda ya ce zai kai jariri Yamai a yini ɗaya, ko dai ya fita cikin duhu da sanyin asuba, ko ya isa bayan magariba, ko ya hana yaron hutun da ya kamata ya samu. Wannan lissafin na hasken rana shi ne mutane suka fi mantawa, kuma shi ke sauya duk sauran shawarar.

Katsina ce mafi kusa, ba ta kai kilomita 100 ba ta Ɗan Isa da Jibiya, amma akwai iyaka a tsakani. An rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, aka sake buɗewa a Maris 2024, kuma yankin Jibiya ya sha fama da 'yan bindiga. Mai niyyar bi nan ya tambayi wanda ya bi a cikin makon, ya fita da hantsi, ya tafi da takardun kowa har da na yaron.

Motar gida

A tambaya ta farko babu mai kamo ta. Yaro ya yi kuka, a samu inuwar bishiya a gefen gari a tsaya. Maijego ta sauko ta miƙe ƙafa, ta ba shi nono a natse, a wanke shi da ruwan ɗumi daga flas, a ci gaba. Gilas a hannunku yake, ku rufe shi idan babbar mota ta tayar da ƙura. Babu mai tari a kanku, babu baƙon da zai ce "kawo shi in riƙe miki" da hannun da ya gama fyace majina. Lokacin tashi ma naku ne, kuma a hunturu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuna iya bari sai rana ta fito hazo ya ɗan ɗaga, a fita da yaro cikin ɗumi.

Har gefen da yaro zai zauna kuna iya zaɓa. A watannin sanyi rana ta kudu take bi. Mai tafiya yamma zuwa Yamai, rana tana dukan gefen hagu, gefen direba, don haka kujerar baya ta dama ce mai inuwa. Mai tafiya gabas zuwa Damagaram kuwa gefen dama ne ke shan rana, ga ta kuma a idon direba idan da sassafe aka fita.

A tambaya ta biyu ce motar gida ke iya zama mafi kyau ko mafi muni, kuma abin da ke raba su kujerar jarirai ce. Na san yadda muke yi. Uwa ta zauna gaba kusa da maigida, yaro a cinya, an lulluɓe shi da tawul. Kowa na ganin ai hannun uwa ya fi komai riƙo. Amma motar da ke gudun kilomita 50 kacal idan ta daki abu ta tsaya cak, ƙarfin bugun daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. Babu hannun da zai riƙe yaro a nan, kuma wa ke gudun 50 tsakanin Madawa da Ƙonni? Idan motar mai jakar iska ce a gaba, jakar da aka yi don ceton babba ita ce za ta yi wa jariri illa. Sa yaro cikin bel ɗaya da uwarsa shi ma ba mafita ba ne, nauyinta ne zai matse shi.

Kujerar ana ɗaure ta a baya, yaro yana fuskantar bayan mota, domin wuyansa bai yi ƙwarin ɗaukar nauyin kansa ba idan aka fizge shi gaba. A nemi ta aro wurin 'yan uwa ko a duba shagunan kayan yara da masu gwanjo. Wadda aka taɓa amfani da ita a duba ba ta tsage ba, maɗaurinta yana kamawa, igiyoyinta ba su zare ba. A gwada ɗaura ta a motar tun ana saura kwanaki, kada a bari sai safiyar tafiya ana tsaye ana gardama. Ga kuma abin da hunturu ke jawowa: kada a sa masa rigar sanyi mai kauri sannan a ɗaure shi, domin kaurin ne igiyar za ta kama, yaron yana sakwa-sakwa a ciki. A sa masa kaya marasa kauri biyu ko uku, hula da safa, a ɗaure shi, sannan a ɗora bargo a sama, fuska a buɗe. Babba ɗaya ya zauna kusa da shi yana duban kada kansa ya langaɓe kan ƙirji. Masu kula da lafiyar yara suna ba da shawarar kada jariri ya wuce awa 2 a jere cikin kujerar, ƙarami sosai ma bai kamata ya kai haka ba. Shayarwa kuma sai an tsaya, ba a ciro shi mota tana gudu.

Sai lafiyar motar kanta. Motar da ke kai ku unguwar Zariya da babbar kasuwa kullum ba ta shaida cewa za ta kai Doso. Kafin a tashi a kai ta gareji, a duba taya har da safaya, birki, ruwan lagireto, fitilu, a hure ko a canza matatar iskar inji, don ƙurar hunturu tana toshe ta. Idan salansa na yoyo hayaƙi yana shigowa ciki, a gyara ko a haƙura da motar, tunda da gilas a rufe za a yi tafiyar. Lalacewa tsakanin gari da gari da jariri a hannu, iska tana kaɗawa, ita ce babbar kasadar wannan zaɓin. Direba shi ma a dube shi. Maigidan da ya kwana yana jin kukan yaro, ya tashi ya ɗaure kaya, sannan ya kama sitiyari awa 10, shi kansa haɗari ne. Hanyar kuma ba tasa ba ce shi kaɗai: amalanken shanu da na jakai marasa fitila, manyan motoci masu lodin albasa a wajen Galmi, garken dabbobi, 'yan kabu-kabu, cunkoson garin da ake cin kasuwarsa ranar. Cikin hazo a kunna ƙaramar fitila ko da rana ne, a bar babbar, don haskenta ƙura take duka ya dawo ido.

Kuɗi kuwa ku lissafa da kanku. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta sha wajen lita 53 zuwa Yamai. A farashin sefa 499 da aka tsayar wa litar esansi a Yulin 2024, wajen jika 26 da rabi ke nan, zuwa da dawowa jika 53. Ku ɗora kuɗin hanya, canjin baƙin mai, abinci, da ɗan abin da za a ajiye saboda mai faci ko makaniki. A sha mai a gidan mai tun daga Maradi, a ƙara a Ƙonni ko Dutsi. Dogaro da 'yan ruwa-ruwa na bakin hanya ya ragu tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, kuma dama mai na kwalba ba abin zuba wa motar da ta ɗauko jariri ba ne. Idan miji da mata ne kawai, mota ta fi bas tsada nesa ba kusa ba. Idan akwai manyan yara biyu ko uku da ƙanwar da za ta taya riƙo, tazarar takan ragu har ta kusa ɓacewa.

Abin da motar gida ke bayarwa wanda sauran ba sa bayarwa shi ne raba tafiyar gida biyu. Ƙonni tana wajen kilomita 240 daga Maradi, Dogon Dutsi kuma ta ɗan wuce rabin hanya. A fita da hantsi, a kwana a ɗaya daga ciki wurin ɗan uwa ko masauki, washegari a isa Yamai da sauran rana. Wasu na ganin ɓata lokaci ne. Ni a ganina wanda ba zai iya ba da kwanan nan ɗaya ba, ya bar motar a gida ya sayi tikiti.

Bas ɗin kamfani

Rimbo, STM, Al Izza, Azawad da sauransu sun saba da hanyar nan, kullum a kanta suke. Ana sayen tikiti tun jiya, kowa da lambar kujerarsa, kaya a ƙasa, babu mai ɗora maka buhu a ƙafa. Direban sana'arsa ke nan, ya san inda rami yake da inda ake kasuwa. Idan motar ta samu matsala kamfani ne zai nemi mafita, ba maigida ne zai tsaya bakin hanya yana kiran waya ba. Girmanta kuma kariya ce. A karo tsakanin babbar mota da ƙarama, na cikin ƙaramar ne suka fi jin jiki, ko da yake ita ma bas idan ta yi haɗari ba ta yin kaɗan. Babbar fa'idarta ga maijego ita ce nono. Yaro yana jikinta, ya motsa ta ja mayafi ta ba shi, ba sai an jira wurin tsayawa ba. Uba ma hannunsa a sake yake, yana iya karɓa ta huta, ko ya ji da sauran yaran.

Ikon tsayawa ne ba ku da shi ko kaɗan. Bas tana tsayawa a tashoshinta da lokacin salla da cin abinci, kuma mintocin ƙidayayyu ne. Yaro ya yi kashi bayan an bar Madawa, ko ki canza shi a cinya mutane suna kawar da kai, ko ya zauna a ciki har Ƙonni. Saboda haka jakar hannu ita ce komai: kush fiye da yadda kike zato, tsumma ko auduga, ruwan ɗumi, ledar zuba ƙazanta, kayan canji biyu nasa, zane ɗaya naki. Duk abin da aka sa a ƙasan mota sai an sauka.

Lokacin tashi ma ba naku ba ne. Motocin nesa da asuba suke tashi, wasu tun kafin kiran salla, kuma ana so fasinja ya iso da wuri saboda awon kaya. Jaririn zai fito daga ɗaki mai ɗumi a daidai lokacin da sanyi ya fi tsanani, a kan babur ko cikin adaidaita mai buɗaɗɗen gefe. Wannan 'yar tafiyar daga gida zuwa tasha ta fi sauran hanyar duka sanyi. A roƙi mai mota ya kai ku, a goya yaron a jiki a ɗora mayafi, a jira a cikin ɗakin jira, kada a tsaya a fili. Bayan an shiga kuma akwai na'urar sanyaya mota, wadda wani direban ke kunnawa ko a Janairu saboda numfashin mutane. Ramin iskar da ke saman kujera ana iya rufe shi ko a juya shi. In ya ƙi, a yi wa yaron mota magana da lalama: "Don Allah ɗan'uwa, akwai jariri a nan." Da wuya a ƙi.

Sannan mutum hamsin ko fiye a rufe wuri ɗaya yini guda, a lokacin da rabin gari ke mura. Wannan ne ainihin abin da ke sa ni jan ƙafa a kan bas ga yaron da bai kai wata 3 ba. Wanda ya yi wata 5 ko 6, ya karɓi alluransa, yana kallon mutane yana dariya, ba na jin komai a kansa.

Jaririn da ke cinya ba a saba karɓar kuɗinsa ba, amma idan uwa ce kaɗai za ta yi tafiyar, sayen kujera ta biyu ba almubazzaranci ba ne. Nan za ta ajiye jaka, nan za ta shimfiɗa shi ta canza masa. A nemi tsakiyar mota, domin baya ta fi girgiza, a kuma zaɓi gefen inuwa kamar yadda na faɗa a sama. Idan kujerar tana da bel, uwa ta ɗaura a jikinta ita kaɗai, yaron yana samansa.

Motar tasha

Ba zan ja magana a kanta ba. Ba ta tashi sai ta cika, kuma cikarta a wurin 'yan kamasho ba cikar da mai ƙera ta ya nufa ba ce. Za a iya shafe safiya ana jira cikin ƙurar tasha, gilas ɗaya ba ya rufuwa, kaya a sama sun fi motar tsayi, ana tsayawa ɗaukar fasinja a kowane ƙauye. Ba ta ba ku ikon motar gida ba, ba ta ba ku tsarin bas ba. Amfaninta biyu ne: araha, da kuma zuwa inda bas ba ta zuwa. Mai dangi a ƙauyen Mayahi, Dakoro ko Madarumfa sau da yawa ba shi da wani zaɓi. In haka ne a biya kuɗin wuri biyu ko uku, a guji bakin ƙofa da gilas ɗin da ya fashe, a shiga ta hantsi. Tafiyar awa ɗaya ko biyu za a iya jurewa. Yamai a cikinta da jariri kuwa, ban ba kowa shawara ba.

To wanne za a ɗauka? Zuwa Damagaram, Tasawa, Madawa ko Ƙonni, motar gida mai lafiya da kujerar jarirai ta fi, a fita bayan rana ta fito a isa kafin la'asar. Zuwa Yamai ma ita ce gaba, amma da sharaɗi uku a haɗe: kujerar tana nan, makaniki ya duba motar, kuma za a kwana a hanya ko akwai direba na biyu. Ɗaya ya faɗi, bas ta fi. Motar gida da yaro a cinyar uwa a kujerar gaba, direba ɗaya, ana tseren isa kafin isha, ita ce mafi haɗari a duk zaɓin, ko da yake ita ce ta fi kama da gata.

Shekarun yaron da alluransa

Akwai wani daidaito da ba a cika lura da shi ba. Arba'in kwana 40 ne, allurar rigakafi ta mako 6 kuma tana faɗowa a kwana na 42. Wato ranar da al'ada ta buɗe wa maijego ƙofa ita ce kusan ranar da ake jiran yaron a likita. A yi allurar kafin a tafi, a ba shi kwana biyu ko uku saboda ɗan zazzaɓin da kan biyo baya. Ta gaba tana mako 10, sai mako 14, ta ƙyanda kuma sai wata 9. A tafi da katin rigakafin, domin in zaman ya yi tsawo za a iya karɓar ta gaba a can. Watannin rani mai ƙura su ne lokacin sanƙarau da ƙyanda a ƙasarmu, kuma wanda ya ga annobar sanƙarau ta 2015 bai manta ba. Yaron da aka haifa bakwaini, ko mai ƙarancin nauyi, ko wanda ke tari a makon tafiyar, a ɗaga tafiyar. Haka uwar da aka yi wa aiki, sai likita ya yarda. Ko wadda ta haihu lafiya, dogon zama wuri ɗaya a makonnin farko yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, don haka duk inda aka tsaya ta sauko ta taka.

Idan ɗagawar ce ta kama, maigida ne zai faɗa wa mahaifiyarsa da bakinsa: "Inna, ki yi haƙuri, sai ya karɓi allurarsa sanyi ya ɗan sauka. In kin yarda in aiko miki da tikiti ki zo ki gan shi." Kada a bar maganar ta fito daga bakin matar, a ce ita ce ta hana. Tikitin tsohuwa ɗaya ma ya fi na gida guda sauƙi.

A hanya, yaron da bai kai wata 6 ba nono kawai yake bukata, ko da leɓensa ya bushe. Uwar ce za ta yawaita shan ruwa. Mai shan madarar gwangwani a tafi masa da tafasasshen ruwa a flas, a haɗa lokacin da zai sha, abin da ya wuce awa 2 a zubar. Hanci in ya toshe, ɗigon ruwan gishiri na farmasi ya isa. Man kaɗanya ko basilin a kumatu da leɓe, amma man zafi mai yaji da manya ke shafawa kada ya kusanci hancinsa. Yawan lulluɓi shi ma matsala ne, domin kayan da suka dace da asuba sun yi yawa da azahar. A taɓa bayan wuyansa ko ƙirjinsa, in da gumi a rage ɗaya. Tafin hannun jariri dama da ɗan sanyi yake, ba a auna shi da nan.

Abin da zai sa a fasa komai a nemi likita mafi kusa: ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ƙasan haƙarƙarinsa yana shiga ciki in ya ja numfashi, ko numfashin ya yi sauri. Ana ƙirgawa na minti ɗaya yana kwance shiru. Ƙasa da wata 2, 60 ko fiye ya yi yawa, daga wata 2 zuwa shekara kuma 50. Madawa, Galmi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso duk akwai asibiti, haka Agye da Tasawa ta gabas. Tun 2006 aka yafe kuɗin duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 a likitocin gwamnati, amma a riƙe kuɗi a hannu saboda farmasi. Takardar haihuwarsa da katin ɗan ƙasa na manya su zauna a jakar hannu saboda shingen jandarmomi.

Isa ba ita ce ƙarshen lura ba. Gida zai cika, kowa na so ya ɗauka, ya sumbata, wata gwaggo ta kawo jiƙo ko ruwan rubutu ta ce a ɗan ɗiga masa. Idan ɗan fari ne abin ya fi wuya, domin uwar tana kara, ba za ta iya buɗe baki gaban surukai ta ce a miƙo mata ɗanta ba. Shi ya sa tafiya da ƙanwa ko yaya mai baki take da amfani, ita za ta ce "a bari ya huta" ko "a wanke hannu tukuna" ba wanda ya ji haushi. Da dare kuma, saboda ƙauna, za a kawo kaskon garwashi ɗakin baƙi a ja ƙofa. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum cikin barci, kuma jariri ne take fara kamawa. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Gidan sauro ma a tafi da shi, musamman masu zuwa unguwannin bakin kogi a Yamai.

Dawowa ita ce mutane ba sa shiryawa. Masu bas su sayi tikitin komawa da wuri, don ƙarshen hutu kowa ke son tafiya rana ɗaya. Masu motar gida su tuna gefen rana ya juya, a mayar da kujerar yaron hagu idan daga Yamai aka taso. Sannan tsaraba: buhun shinkafa, albasar Galmi, dankalin Dutsi, kilishi, kwanukan da gwaggo ta ce a kai wa wance. Duk abin da but bai ɗauka ba a bar shi a aiko ta kamfani daga baya. Kada a jibga shi a kujerar baya kusa da kan yaro, kada kuma a cire kujerarsa don a samar wa buhu wuri.